Bukul cikin bukul: in jimla ta fito karkace, lambar ce za ta nuna maka inda ciwon yake

Jama'a ga lokacin rubuta memwar, wato kundin kammala karatu, ya sake zagayowa, masu lissafi da fizik da masu aiki da alƙaluman ruwan sama ko farashin hatsi a jami'ar André Salifou ta Damagaram kowa ya duƙufa, kuma matsalar da ta fi hana mutum barci ba wadda program ke tsayawa ya watso maka jan rubutu ba ce, ita wannan ai ta yi maka alheri tunda har lambar layin da ya lalace take ba ka. Mugunyar ita ce wadda program zai yi gudu lafiya lau, babu erer babu komai, ya miƙo maka lamba cikin ladabi, amma lambar ba ita ba ce. Kuma sau da yawa in ka bi diddigi sai ka tarar a wajen tara jimla ne, bukul ɗaya a cikin wani bukul, bukul kuwa shi ne umarnin da ke sa program ya yi ta maimaita aiki ɗaya zagaye bayan zagaye.

Ga abin da nake nufi, a Python:

jimla = 0
for i in range(layuka):
    karama = 0
    for j in range(kolon):
        karama += t[i][j]
    jimla += karama

Layi 6 ne kacal. Bukul na waje yana bin layukan tablo ɗaya bayan ɗaya, misali kowane layi gari ne, na ciki kuma yana bin gidajen da ke cikin layin, misali watanni, ana tara na kowane gari a karama sannan a juye a babbar jimla. Babu wani sihiri a ciki amma kusan kowane layi a cikin shidan nan yana da hanyar da zai bi ya cuce ka shiru.

Abin da na ga yawancinmu na yi shi ne mutum ya zura wa kod ɗin ido na awa biyu, ya canza wannan ya sake gudu, ya mayar ya canza wancan, ko ya kwashe ya liƙa wa ChatGPT ya karɓo wani sabo wanda shi ma bai san ko daidai ne ba, duk kuma a kan fishiyen gaske mai layi dubu da ɗoriya wanda babu mahaluƙin da ya san amsarsa ta gaskiya. To in ba ka san amsar da ya kamata ta fito ba ta yaya za ka gane ka gyara? A ganina nan ne kuskuren farko, tun kafin a zo kan kod. Ka ajiye manyan alƙaluman a gefe, ka ƙirƙiri ƙaramin tablo wanda ka san amsarsa da ka, kuma ka zaɓi lambobinsa da wayo yadda in amsa ta fito karkace karkacewar kanta za ta yi magana.

Wanda na fi so shi ne wannan, layi 2 kolon 3:

1, 10, 100
1000, 10000, 100000

Amsar gaskiya 111111. Amma duba da kyau, kowane gida yana da gurbinsa shi kaɗai a cikin amsar, gidan farko shi ne lambar da ke can dama, na ƙarshe shi ne na hagu, saboda haka kowace lamba a cikin amsar tana gaya maka sau nawa program ya ƙirga wannan gidan. In ka ga 1 an ƙirga shi sau ɗaya, in 0 an tsallake shi, in 2 ko 3 an maimaita. Sai dai dabarar tana aiki ne muddin maimaicin bai kai 10 ba, shi ya sa tablon ya zama ƙarami.

In 111222 ta fito, gidajen layin farko ne aka ƙirga sau biyu, kuma dalili ɗaya ne: karama = 0 tana can sama a wajen bukul, ba a share ta kafin a shiga sabon layi, sai layi na biyu ya hau kan ragowar na farko. A tablo mai layi 30 layin farko zai shiga sau 30, na biyu sau 29, haka har ƙasa, shi ya sa jimlar ke kumbura ba hankali. In kuma 111000 ka gani to akasin haka ne, layin ƙarshe kaɗai ya tsira, ko dai ka sa jimla = 0 a cikin bukul tana goge komai a kowane zagaye ko kuma layin jimla += karama ya zame ya fita waje gaba ɗaya bai gudu ba sai sau ɗaya a ƙarshe. Waɗannan biyun alamarsu iri ɗaya ce, sai ka duba duka.

Akwai wani ƙanena da ya same ni a fada nan Birni da portabul ɗinsa a hannu ana tsakiyar shayi na biyu, yana aiki a kan ruwan saman garuruwan jihar nan, ya ce yaya dan Allah duba min, ruwan shekara ɗaya da ya fito min ko Kotonu ba ta samun sa. Mu da ruwanmu na shekara yake yawo wajen milimita 400 zuwa 500 shi ya samu dubbai. Na ce ƙanena bar fishiyen nan tukuna, buga min lambobi shidan nan. Ya buga, ya danna, sai ga 123123 a kan allo. Ya yi shiru yana kallo, ya sa yatsa a kan 3 ɗin dama ya ce to me ya sa gidan farko ya shiga sau uku, na biyu sau biyu, na uku sau ɗaya? Kafin in buɗe baki ya gano da kansa, layin jimla += karama ya shige ciki da tazara huɗu, ya koma cikin bukul na ciki, sai ya zamana duk gidan da aka ƙara ana juye karama ɗungurungum a jimla, 1 sannan 11 sannan 111, ka haɗa ka samu 123. A Python tazarar farkon layi ita ce ke nuna wa ke cikin wa, kuma kod ɗin da aka turo ta WhatsApp ko aka kwafo daga PDF sau da yawa tazarar nan ce ke fara rikicewa.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. 100100 na nufin an manta alamar + an rubuta karama = t[i][j], gidan ƙarshe na kowane layi ne kawai ke saura. 30003 na nufin an rubuta t[i][i] a maimakon t[i][j], i da j a ƙaramin allo da dare kusan abu ɗaya ne, shi ya sa ni dai na fi son a kira su gari da wata a huta. 11011 kolon na ƙarshe ne ya ɓace, 110110 na farko ne.

Waɗannan biyun na ƙarshe maganar iyaka ce kuma tana da tushe. Python da C da Java daga 0 suke fara ƙirga, Fortran da Matlab da R daga 1, kuma range(n) a Python yana tsayawa a n-1 ba ya taɓa n. To mutum ya ɗauko formul daga kayen darasi inda malam ya rubuta sigma daga 1 zuwa n, ya rubuta range(1, n) yana ganin ya kwafa daidai, alhali gidan farko ya tafi, ko ya ɗauko tsohon kod na Fortran ya mayar Python bai taɓa iyakokin ba. Python in ka wuce iyaka ta sama zai yi maka ihu, madalla, amma in ka rubuta t[i][j-1] alhali j tana 0 ba zai ce uffan ba, -1 a wajensa gidan ƙarshe ne, zai ɗauko ya tara maka. C kuwa ba ruwansa da iyaka kwata-kwata, ka rubuta j <= n zai leƙa abin da ke maƙwabtaka a cikin memwar ɗin mashin ya haɗa da shi, yau ka samu amsa kaza gobe wata daban. Haka in ka rubuta double jimla; (double nau'in lamba ce mai wutsiya bayan digo) a cikin fonksiyo ba ka ba ta 0 ba, da duk dattin da ta tarar a wurin za ta fara. Duk ranar da ka ga amsa tana canzawa alhali ba ka taɓa komai ba, waɗannan biyun za ka fara tuhuma.

Kuma da gangan na ce layi 2 kolon 3, kar ka yi gwaji da tablo mai 3 da 3. In layuka da kolon yawansu ɗaya ne, ka juya ka rubuta t[j][i] babbar jimla za ta fito daidai cif, ka yi murna, alhali jimlar da kake kira ta gari ta wata ce. Tablo maras daidaito shi ke tona wannan nan take.

Akwai wani nau'in bukul cikin bukul ɗin da ba tablo yake bi ba, bibbiyu yake haɗawa, irin a ce tara min nisan da ke tsakanin kowane gari da ɗan uwansa, ko a fizik ƙarfin da ke tsakanin kowane ƙwayoyi biyu. A nan dabarar ta fi sauƙi ma, cire abin da ake tarawa ka sa 1 a wurinsa ka ga sau nawa aka shiga ciki. Ɗauki garuruwa 5, Mirya da Magarya da Matamaye da Tanut da Gure, haɗin bibbiyu da ke tsakaninsu 10 ne, n(n-1)/2. In 10 ta fito lafiya. In 20 ta fito ka ƙirga Mirya zuwa Gure ka sake ƙirga Gure zuwa Mirya. In 15 ce to j daga i ta fara maimakon i+1, kowane gari an haɗa shi da kansa, in 25 duka laifin biyu ne a haɗe. Na haɗa gari da kansa ɗin yana da ban haushi, don in nisa kake tarawa sifiri ne ba za ka ga komai ba, sai ranar da formul ɗin ya zama raba da nisa sannan abin ya fashe.

To a ce duk wannan ya wuce, ƙaramin tablo ya ba da 111111, amma da ka koma kan fishiyen gaske har yanzu shirme. Yanzu ka san bukul ɗinka ba shi da laifi, wannan kaɗai rabin aiki ne, sai ka juya kan alƙaluman. Mu nan akwai abin da ke damunmu wanda ƴan uwanmu na Kano ba su cika haɗuwa da shi ba, wato virgil, alamar waƙafi. Excel ɗinmu na Faransanci 12,5 yake rubutawa, harsunan program kuwa 12.5 suka sani. Python in ka ba shi float("12,5") zai ƙi, wannan da sauƙi, amma atof na C, mai mayar da rubutu lamba, zai karanta 12 ya tsaya a virgil ya watsar da rabin, kowane gida ana ɗan yanke shi, jimla ta fito ƙasa kaɗan yadda ba za ka yi zargi ba. In kuma kana raba layi ta virgil ne sai 12,5 ta zama gida biyu, 12 da 5, kolon duk su goce. Sannan fishiyoyin yanayi da yawa in ba a auna ba wata rana ba sa barin gidan fanko, suna sa lamba irin -999 a matsayin alama, bukul kuwa bai san alama ba tarawa zai yi, sai ka ga ruwan Agusta ya fito da minis. NaN ita kuma, alamar da ke nufin ba lamba ba ce, guda ɗaya tak in ta shiga jimla duka ta zama NaN. Kafin ka tara komai ka sa program ya buga maka mafi ƙanƙanta da mafi girma da yawan gidajen da ya karanta, layi uku ne amma suna kama mafi yawan wannan.

Sai nau'in lambar. int na C, wato cikakkiyar lamba marar wutsiya, mai bit 32 iyakarsa 2147483647, wato biliyan 2 da ɗan kai, kuma a kuɗin sefa wannan ba wani abin a zo a gani ba ne, kasafin projet ɗaya zai iya wuce shi, da ka wuce yawanci sai lambar ta juya ta koma minis. Lambobin Python na asali ba su da wannan iyaka, amma NumPy, tarin kayan lissafi da ake ƙara wa Python, yana da ita, kuma a Windows kafin NumPy 2.0 na 2024 int ɗinsa na yau da kullum mai bit 32 ne, shi ya sa kod ɗaya zai ba da amsa daidai a mashin ɗin malam mai Linux ya ba da minis a na ɗalibi. Haka rabawa, 1/(i*j) a C in i da j duk int ne amsar 0 ce sai dai inda duk biyun suke 1, ka tara gida miliyan ka samu 1 cif. Jimlar da ya kamata ta zo da wutsiyar lambobi bayan digo in ta fito a tsabtace haka, ka yi zargi.

Na bar mai wuyar a ƙarshe, don ita ba kuskuren rubutu ba ce, halin kwamfuta ne. Buɗe Python ka buga 0.1 + 0.2 za ka ga 0.30000000000000004. Ka tara 0.1 sau 10 a bukul ka samu 0.9999999999999999. Kwamfuta da 0 da 1 take ajiye lamba, kuma 0.1 a wannan tsari ba ta ƙarewa, kamar yadda 1 bisa 3 ba ta ƙarewa a namu, dole a yanke ta a wani wuri. Ƙa'idar da kusan duk mashin ke bi ita ce IEEE 754 ta 1985: double yana riƙe bit 53, wajen lambobi 15 zuwa 16 masu ma'ana, float kuma bit 24 ne, wajen 7 kawai. Abin da ya shafi mai tara jimla shi ne duk lokacin da jimla ta yi girma ƙananan da ake ƙara mata suna rasa wutsiyarsu, in ta yi girma sosai ma su ɓace ɗungum. Gwada (1e16 + 1) - 1e16, sifiri za ka gani.

Ga misalin da ya fi burge ni. Hoton satelit mai gida 5000 a tsaye 5000 a kwance, gida miliyan 25 ke nan, ka cika shi da 1 ka tara duka kai tsaye a cikin float guda ɗaya, amsar da za ka samu 16777216, wato 2 a ƙarfin 24, daga nan ko ka kwana kana ƙara 1 ba za ta motsa ba don a wannan girman float ba shi da gurbin ajiye bambancin 1. Amma in ka bi tsarin nan na sama, kowane layi ya tara nasa a karama ya samu 5000 sannan a juye, 25000000 za ta fito daidai da float ɗin nan dai. Ashe karama ba ado ba ce, tana hana ƙaramar lamba karo da ƙatuwa. Irin wannan tunanin ne ma np.sum na NumPy ke amfani da shi, yana raba jerin gida-gida ya tara kowanne sannan ya haɗa.

Kar kuma a ɗauka ɗan yanke wutsiya wasa ne. Kasuwar hannun jari ta Vankuba a Kanada ta fito da ma'auninta a 1982 daga 1000, duk ciniki sai a sake lissafi a kan tsohuwar lamba, sau dubbai a rana, kuma program ɗin yana datse lambar a gurbi na 3 bayan digo maimakon ya kai ta mafi kusa, kullum ƙasa ake yi ba a taɓa yin sama ba. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin yana nuna 524.811, da aka sake lissafi daga tushe sai ga 1098.892. Fiye da rabi ya zube a hanya cikin wata 22.

Maganin da ya shahara na William Kahan ne, tun 1965, mutumin da daga baya ya zama jigo a tsara IEEE 754 ɗin har ya samu kyautar Turing a 1989. Dabarar tasa irin ta mai shagon unguwa ce da ba shi da canji, ka sayi abu ya ce ka biyo ni dala biyu, bai manta ba, gobe in ka dawo ya cire maka a sabon ciniki:

jimla = 0.0
bashi = 0.0
for x in lambobi:
    y = x - bashi
    sabo = jimla + y
    bashi = (sabo - jimla) - y
    jimla = sabo

A takarda bashi kullum sifiri ne, a cikin mashin kuwa shi ne daidai wutsiyar da aka yanke a wannan zagayen, sai a mayar da ita a na gaba. Masu C su yi hattara, in ka kunna -ffast-math a gcc, mai fassara kod ɗin C, zai iya yin lissafin takarda ya ga ai sifiri ne ya share maka dabarar. A Python ba ka ma buƙatar rubuta shi da hannu, math.fsum yana nan tun 2.6, kuma daga 3.12 shi kansa sum an gyara shi yana rama abin da aka yanke, sum([0.1]*10) yana ba da 1.0. Wannan na nufin kai da abokin aikinka za ku iya samun bambanci a lamba ta 16 don kawai versiyo ɗinku ba ɗaya ba, kuma ba laifin kowa.

Yadda za ka bambance wannan da kuskuren bukul shi ne girman bambancin. In kana aiki da double a kan gidaje ƴan dubbai kuma duk lambobin alamarsu ɗaya, ɓarnar yankewa can nesa take bayan digo, wajen lamba ta 12 ko ƙasa da haka, in ka ga bambancin kashi 5 cikin 100 kar ka ɗora wa kwamfuta laifi, koma kan tablon 111111. Gwaji mai arha shi ne ka tara daga ƙarshe zuwa farko, in lambobin wutsiya kawai suka motsa to yankewa ce, in amsar ta canza sosai akwai manyan lambobi masu plus da minis da ke cinye juna kuma a nan fsum ya zama dole. Kada ka gwada jimla biyu da ==, yi amfani da math.isclose. Kuɗi kuma, tunda sefa ba mu ƙirga santim a hada-hadar yau da kullum, bar su a int mai bit 64 tun daga farko, ruwan sama ma in da lamba ɗaya bayan digo aka auna shi ninka da 10 ka mayar int ka tara, sai a wajen bugawa ka raba.